Kukar garkarmu da masu gatari

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har na ji wasu sun fara yi min addu'ar da ake yi wa mamaci. Ku riƙe abarku tukuna, ina nan Madabo da raina.

Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata Saudatu tana dannawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Abin ya fara da zafi a ƙahon zuciya, can ƙarshen damina. Daga baya bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. Ban gaya wa kowa ba.

A bayan gidanmu akwai garka, a cikinta akwai kuka. Kakanmu ya tarar da ita a nan. Shekarun da abinci ya yi wuya, duk lungun nan da ganyenta aka kaɗa miya. Kowace kaka ni nake kakkaɓo ganyen da gora tun yana kore, don in ya yi ja ya zube da kansa ya zama shara.

Ina cikin wannan aiki jiri ya ɗebe ni, na yi aman jini a gindinta. Sai a asibiti na farka.

Aka ƙara min jini, aka rataya ruwa, aka hana ni ko kurɓar koko. Tun asuba nas take zuwa ta ɗaure min hannu da abin awo. Suka zura min wata roba mai fitila ta baki har ciki. Kuɗin gwaji da na jini sun cinye ragon da nake kiwo.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke gadon kusa da ni da safe mun gaisa, da la'asar aka fitar da shi a lulluɓe.

Likitar, yarinya ce sa'ar Saudatu, ta ce, "Baba, gyambon ciki ne. Ƙwayar ciwon gwiwa da kake saye a kemis kana sha ba ka ci komai ba, ita ta huda ka."

Magana ta fito fili ke nan. Amma ƙanina Sale yana da nasa likitancin. Ya bi dangi gida-gida yana cewa mutanen ɓoye ne na cikin kukar suka buge ni, tunda a gindinta na faɗi. Wai in ba a sare ta ba, ba zan tashi ba. Har ya yi magana da masu gatari.

Sale da aka yaye shi da miyar kukar nan. Sale da tun rasuwar mahaifinmu yake auna garkar da ido, yana ganin shagunan haya a wurin. Aljanun ba su taɓa damunsa ba sai da na kwanta.

Da aka ba ni izinin ci, sai ciki ya ƙi. Masu dubiya suka cika min loka da kastad da madarar gwangwani da wani ruwan kwalba mai launin fitsarin doki. Ko warinsu ba na so. Likita ta ce in ban ci ba, za a sa min roba ta hanci.

A can gida kuwa ganye na ta zuba, kowa na tsoron shiga garkar. Uwargidana, da ciwon bayanta, ta ɗauki gorar ta tsinko ɗan koren da ya rage. Ta shanya a inuwar ɗaki, ta daka, ta tankaɗe. Ta kaɗa miya tsararo da daddawa, babu barkono, ta tuƙa tuwon dawa mai laushi. Likita ta buɗe kwanon ta duba, ta ce a ba ni.

Na cinye, na suɗe kwano.

Ina kan na washegari Sale ya shigo. Ya leƙa kwanon, ya ja da baya.

Ya ce, "Yaya, ba dai ganyen bishiyar nan kake sha ba?"

Na ce, "Shi ne. In masu ita suna da ƙorafi, sun san gadona. Kai kuma ka sallami masu gatarinka kafin in sauko."

Da aka sallame ni na tarar sun riga sun datse reshe biyu, uwargida ta shimfiɗa tabarma a gindinta, ta ƙi tashi, dole suka kwashe kayansu. Rassan kuma Sale ya ja su gidansa wai zai yi itace. Mutum ya tsufa a gindin kuka bai san ba ta cin wuta ba. Suna can suna ruɓewa a ƙofarsa.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa likita da nas-nas, da maƙwabtan da suka ba da jininsu, da baiwar Allah da ta zauna a tabarma.

Shawarata: in bayan gidanka ya yi baƙi, tafi asibiti ranar, kada ka tsaya jin fassarar dangi. Ƙwayar kemis ba gyaɗa ba ce. Mai zuwa dubiya ya tambayi abin da majinyaci ya saba ci a gidansu.

Kuma duk wanda ya ce maka akwai aljanu a filinka, ka fara tambayarsa me yake son ginawa a wurin.