Kwantenar Kawu Labbo a Gindin Tsamiya

Kawu Labbo, ƙanin mahaifiyata, a kan motar hatsi ya yi furfura. Tun kafin a haife ni yake kwaso gero da dawa daga Wanke da Wonaka zuwa Gusau, a wata tsohuwar gingimari da ba ta tashi sai da turi. Ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi hanya, da haɓa yake nunawa. Bara injin motar ya buga, bakanike ya duba ya ce a yi haƙuri. Kawu ya koma zaman benci a tasha.

Ana nan sai Alhaji Bashar, mai motocin haya, ya sayo motar ɗaukar kwantena, ya ce zai gwada shi. Hajiya Lantana ta Karakkai ta sayi kwantena a Tsafe, babu komai a ciki, za ta yi shagon taki da ita. Sharaɗin Alhaji shi ne mota ta kwana a Gusau, kuma kada Hajiya ta kira shi da ƙorafi. In an cika, makulli ya zama na Kawu.

A Tsafe inji ne ya ɗora kwantenar. Ni a Gusau na shiga, don Inna ta aike ni Karakkai da saƙon biki. Har muka wuce Bungudu abin da Kawu ya ce kawai shi ne kujerar ta yi laushi da yawa.

A Karakkai ya tsaya a bakin kasuwa kamar yadda ya saba, ya jira 'yan dako. Suka zo, suka zagaya motar. Babbansu, Sabiru, ya ƙwanƙwasa ƙarfen.

"Baba, ta ina ake kamawa?"

Hajiya ta iso tana gyara mayafi. "Malam Labbo, da mi aka ɗora ta?"

"Da inji."

"To ina injin?"

"Yana Tsafe."

Akwai babbar tsamiya a wurin, inda dattawa ke zama. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya roƙi dattawan su ɗauke tabarmi. Ya yi baya har gindinta, ya ɗaure bayan kwantenar a jikin iccen da sarƙar jan mota, aka jera tsofaffin tayoyi a ƙasa. Ya ja mota gaba a hankali. Kwantenar ta zame, ta faɗo a kan tayoyin da ƙarar da ta kori awakin kasuwar duka. Ko lotsawa ba ta yi ba.

Sai Hajiya ta je buɗewa. Ƙofar kwantena a baya take, sarƙar kuma gajera ce. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta daki tsamiya.

"Shagon ya yi kyau," in ji Sabiru. "Sai dai a ɗauki kyanwa aikin jira."

Wani ya ce a sare iccen. Malam Jibo, mafi tsufa a dattawan, ya ce kakansa ya shuka shi, mai gatari ya fara da shi Malam Jibon tukuna. An kwance sarƙar daga iccen, amma kwantenar ta danne ta, ba ta ciruwa. Aka ɗaura igiyar rijiya a mota don ta ja kwantenar, ta tsinke tun kafin taya ta juya. La'asar ta matso, hanyar nan kuwa ba a bin ta da yamma. Hajiya ta ciro waya tana juya ta a hannu.

Kawu ya je ya durƙusa gaban Malam Jibo, wanda ya sha kai wa hatsi kasuwa.

"Baba, gayya nike roƙo."

"Gayyar gona muka sani."

"Wagga ma ta ja ce. Shanun huɗa za su iya."

Malam Jibo ya dubi Hajiya. "Gayya ba ta yiwuwa da yunwa, Lantana."

"Ni da aka ɓata wa shago, ni zan dama fura?"

"Ke ke da shagon."

Ta dama. Aka kawo shanu, aka haɗa igiyoyi, aka cusa itatuwa a ƙarƙashi. Shanu ba sa fizga irin ta mota. Suka ja, suka huta, suka sake ja, har ƙofa ɗaya ta buɗe duka. Ɗayar ta ƙi wuce saiwar tsamiyar. Masu shanu suka ce dabbobinsu sun gaji.

Hajiya ta shiga, ta fito, ta sake shiga da buhu a kai don ta gwada. Buhun ya wuce. Ta kira Alhaji, Kawu na tsaye hannu a baya.

"Alhaji, kaya sun iso."

Muna jin muryarsa yana tambaya ko lafiya.

Ta dubi ƙofar, ta dubi Kawu. "Shagon ma har da inuwa."

Mun shiga Gusau ana kiran magariba. Makullin yana hannun Kawu har yau. Duk wanda ya kira shi aiki, kafin a yi maganar wuri ko rana, yakan tambaya ko akwai inji a can. In aka ce babu, sai ya tambaya ko akwai shanu.