Hasashen Mai Agogo na Ƙarshe

Aska na hannuna, na yi wa wani dattijo rabin kai ke nan, wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar Mai Agogo ce. "Baffa," ta ce, "Baba ya cika." Na yi salati na ajiye wayar. Dattijon ya dube ni ta madubi. Har yau ban san yadda na ƙarasa masa askin nan ba.

Shekara goma sha tara teburin Mai Agogo yana bakin shagona. Ɗan tebur ne mai murfin gilashi, da gwangwanin batura, da ƙananan sukudireba, da tabarau mai ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Da wayar hannu ta kashe masa kasuwa, kowa ya ce ya koma gyaran waya, ya ƙi. Wata rana batir biyu zai canza ya tashi. A haka ya raini 'ya'ya huɗu, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Aibinsa ɗaya, ba a kallo da shi. Akwai talabijin a shagona, minti goma da fara fim zai leƙo ya ce, "Mai gemun nan ne ya kashe ta." Kuma shi ɗin ne. Masu jiran aski su yi ta yi masa tsiya. Ya ce, "Wanzami, fim agogo ne. In ka buɗe guda uku, ka gama ganin cikin sauran."

Sai aka fara wani shiri mai dogon zango, duk Asabar bayan la'asar, na mutanen da ke tafiya cikin jirgi a tsakanin taurari. Ranar farko ya harɗe hannu ya ce yanzu za a kawo mana dodanni masu koren kai da bindigar wuta. Shiru, ba dodo ko ɗaya. Jirgin ma ba mai yake sha ba. Kowace safiya mutum ɗaya zai shiga ɗakin inji ya ba da abu guda da yake tunawa, ya fito ya manta shi har abada, da haka jirgin ke tafiya. Wata mata ta ba da fuskar mijinta da ya rasu, don sauran abin da ke kanta duk na 'ya'yanta ne. Na waiga na ga Mai Agogo yana share ido da tsumman goge gilashi.

Daga nan ya sayi ɗan littafi. Kafin a fara kowane kashi zai rubuta hasashensa, ya ba ni in danne da akwatin aska. Kashi talatin da ɗaya, bai ci ko ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin mutum yana murnar faɗuwa irinsa ba. "Wanda ya rubuta wannan bai leƙa takardar kowa ba," in ji shi. Muka yi doka, ba mai kallo in ɗayan ba ya nan.

Saura kashi ɗaya a gama ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti. Ranar Asabar ɗin na ce ba zan kunna ba. Mutane suka matsa, na kunna musu, na juya wa talabijin baya. To, shagon aski duk madubi ne. Na ga komai. Ashe jirgin ya iso tun shekaru aru-aru. Wani ne a cikin kakanninsu ya ba injin kamannin duniyar da suke nema, sai suka yi ta zagaya ta ba su gane ta ba.

Washegari na je duba shi. Ya rame, an sa masa ƙarin ruwa, uwargidansa na yi masa fifita. Kallo ɗaya ya yi mini.

"Ka kalla, munafuki."

"Madubi ne ya cuce ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To ji nawa, ba littafi yau. Sun iso tun tuni, mantawa suka yi. Na ci?"

Ya ci kuwa, karon farko. Na ga in na ce masa ya ci, kamar na yarda ba zai ƙara zama a bencin shagona ba. Na so in bar masa abin da zai tashi dominsa. Kalma ɗaya ce, da ya tafi da ita, na hana shi.

"Doka doka ce," na ce. "Ka warke mu kalla tare."

"Wanzami, faɗa mini mana."

"Sai Asabar."

Ya lumshe ido. "To, ka share mini teburina. Kada ƙura ta shiga gilashin."