Malama Radiyya, Wadda Ba Ta Yarda Da "Da Sauƙi" Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, bayan sallar La'asar, labari ya iske ni a shagona cikin kasuwar Azare cewa Allah ya yi wa Malama Radiyya rasuwa, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ciwon ƙirji ne, na kwana biyar. Sai na zauna a kan buhun gero.

Malama, kowa a unguwa ya san ɗabi'arki. Duk wanda ya zo da mura mai zazzaɓi da tari, kika ba shi magani ya koma gida, to ya saurari wayarki a kwana na biyu da na uku. Kin sha faɗa mana cewa irin wannan ciwon yawanci shi yake tafiya da kansa, amma akwai wanda yakan sauka wa a ƙirji, kuma mutanenmu ba sa dawowa sai abu ya ɓaci. Kin san halinmu sarai. Ko mutum na bakin kabari, ka ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Shi ya sa kike sa marar lafiya ya ja numfashi sau ɗaya ya ƙirga miki zuwa ashirin. Har Madam Titi mai atamfa sai da kika sa ta ƙirga a gaban masu saye, tana mita tana yi.

Ni ma na yi miki mitar, Allah ya yafe mini.

Daminar bara waccan mahaifiyata ta zo daga Sakwa da tari, na kai ta wurinki. A rana ta uku kika kira ni da hantsi, kasuwa ta cika. Na ce ai da sauƙi, da bakinta ta gaya mini da safe. Kika ce, "Malam Ya'u, ba kai na duba ba. Ka je gida ka ba Inna wayar." Na ce sai azahar. Kika ce, "Minti goma. Zan sake kira."

Na hau babur ina huci. Na tarar da Inna zaune a tabarma, ta jingina da bango, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai jiran baƙi. Bafulatana ce, ba ta taɓa cewa wayyo a gabana ba. Wayar ta yi ƙara, na sa a fili yadda zan ji. Ta ce miki da sauƙi. Kika juya harshe zuwa Fulatanci, kika lallashe ta ta ƙirga.

"Go'o, ɗiɗi, tati, nayi..." A kan biyar ta tsaya. Na ga kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, bakinta a buɗe, tana neman iska. Kika ce ta sake. Wannan karon ko huɗu ba ta kai ba.

Muryarki ba ta canza ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Kika ce in duba leɓenta da farcenta. Sun yi duhu. Kika ce, "Kada ka kawo ta wurina. Babban asibiti, yanzu. Kada ka tsaya neman mayafi." Hadari ya haɗo, masu Keke Napep duk sun fake, na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu kamar mahaukaci. Sau uku kika kira kafin mu isa, kuma muka tarar kin riga kin sanar da su. Kwana huɗu Inna ta yi da robar iska a hanci. Likita ya ce da mun kai yamma, da wani zancen ake yi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Lahadi na ji ba ki da lafiya, na kira ki. Na ce, Malama, ya jiki? Kika ce, "Da... sauƙi, Malam Ya'u." Na ji yadda kalmar ta rabu biyu. Wallahi na ji, kuma ke kika koya mini ma'anarta. Amma kunya ta kama ni: ni mai sayar da hatsi, in ce wa ma'aikaciyar jinya ta ƙirga? Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na kashe wayar. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Duk da haka zuciyata tana ciwo, don abin da kika yi wa uwata ban yi miki ba.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa kowane kira da kika yi ya zame miki haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Bahauddeen, da 'ya'yanki Ihsan da Murja, da abokan aikinki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Na je na gaya wa Inna rasuwarki. Can ta ja numfashi, ta ƙirga a hankali har ashirin ba ta tsaya ba, sannan ta rufe fuskarta da mayafi ta fashe da kuka.