Atamfar Sallar Gwaggo Asabe

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta koyar da ɗinki a wata cibiyar koyon sana'a ta gwamnati a Gusau. Ta faɗo mini a rai ne da na ji ana tattaunawa a rediyo kan gyara yadda ake koya wa matasa sana'a.

A zamaninta ɗalibai sun fi kekuna yawa, yadi kuwa babu, sai a koyi yanka da ɗinki a kan takardar buhun siminti. Bayan 'yan makonni a yi biki, a ba kowa keke, a ɗauki hoto, a watse. Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ran Asabar takan shiga mota ta bi ɗalibanta har Bungudu da Tsafe, wani lokaci da ni. In ta shiga ɗaki, ƙasa take fara dubawa. Idan babu ƙyalle ko guntun zare, ta san ba a aiki.

Ɗakin wata ɗalibarta, Rabi, a Kucheri, tas muka same shi. Keken ko ledarsa ba a cire ba. Mijinta ya riga ya samo mai saye, don damina ta kawo kai kuma ba shi da taki.

"Rabi, mi ya hana ki ɗinki?" in ji Gwaggo.

"Malama, takarda na iya. Wa zai ba ni atamfarsa in ɓata?"

Gwaggo ta zaro turmin atamfar da ta saya don Sallah. "Ga tawa. Auna ni ki yanka."

Mijin ya ce, "Hajiya, gona ba ta jira."

"Ɗaga mini zuwa Sallah, Malam. In ba ta ɗinku ba, ni zan raka ka wajen mai sayen."

Ina kallo Rabi ta auna ta, ta ɗauki almakashi ta yanka. Rigar ta fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma haka Gwaggo ta sa ta ta je Idi. Babana ya ce, "Asabe, hannunki ne ya ƙaru?" Ta ce, "Sabuwar tela ce, Yaya. Kawo taka ta gwada." Washegari ta je Kucheri gaisuwa da rigar, duk wadda ta tambaya ta nuna mata ɗakin Rabi. Mata suka fara kawo kayan yara, daga baya nasu. Ba a sayar da keken ba.

Da Gwaggo tana raye, na san za ta yi murna da wannan gyara, sannan ta tambaya: za a koya da yadi na gaske? Wa zai bi ɗalibi gida bayan biki? Ina da yaƙinin zai yiwu, tunda na ga mace ɗaya ta yi shi ba tare da an sa ta ba.

Gwaggo ba ta bar gida ko fili ba, Allah ya jiƙanta. Ta bar Rabi, da 'yan matan da ke koyo a zaurenta. Da na ce wa Rabi zan yi wannan rubutu, sai ta ce, "Faɗa musu in suna neman malama a Tsafe, na shirya."