Gilashi Mai Lamba Uku

Shekara arba'in ya yi yana leƙen duniya ta saman kyamararsa mai ido biyu, kai a sunkuye kamar mai duba ruwan rijiya. Idon sama ke gani, na ƙasa ke ɗauka. Tsaya-cak ake ce masa a unguwa, don abin da yake gaya wa kowa ke nan kafin ya danna. Kyamarar ba ta son a matso ta fiye da taku biyu, shi ya sa duk wanda ya ɗauka daga nesa ya ɗauke shi, har matarsa.

Ran nan ya bi ta shagon ƙanensa, wanda shi ya koya wa sana'ar, sai ga hoton matar tasa a taga, fuskarta ta cika takarda, tana dariya har 'yan layukan gefen idonta sun fito. Hotunanta sun fi ashirin a gidansa, ba ko ɗaya mai wannan dariya. Ya wuce bai ko yi sallama ba.

Bai zame ko'ina ba sai wurin mai gyaran kyamara. Mutumin ya jera masa gilasan matso da abu kusa, lamba ɗaya zuwa uku, ya ce bibbiyu ake ɗaura su, ɗaya a kowane ido. Tsaya-cak ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, wanne ƙanensa ya ɗauka. Aka ce lamba ɗaya.

"To ba ni lamba uku."

Mai gyara ya ce wannan na ɗaukar zobe ne da ƙwayar fure, fuska ba ta shiga cikinsa. Ga shi abokinsa na sama ya fashe, kuma in babu shi, inda ka duba daban, inda ka ɗauka daban.

"Ni za ka koya wa kyamarata? Ina rataye da ita kana rarrafe."

Da hantsi ya zaunar da matar a bakin taga. Da yake idon sama ba zai nuna masa daidai ba, sai da tsinke ya auna taƙi guda daga kumatunta, ya matso har numfashinsa na kaɗa mata ɗankwali.

"Maigida, hoto za ka ɗauka ko haƙori za ka cire min?"

Ya ce ta yi dariya. Ta ce ita ba famfo ba ce da za a murɗa.

Da ya wanke fim ɗin, hotuna sha biyun da ke ciki duka ba fuska. Idonta ya nufa, ya samu rabin kunci da gefen leɓe, sai wani mai kunne kaɗai da ɗan kunnensa. Ya shanya su a igiya, ta shigo tana bin su da kallo, shi kuwa ya ƙi ɗago kai. Can ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, me yaron nan ya gaya mata da ta saki fuska haka.

"Kwaikwayonka ya yi. Ya sunkuya, ya ɗaure fuska, ya turo baki. Sai na ga kamar kai ne ranar da ka fara ɗaukata."

Ya rasa ko fushi zai yi ko me.

Washegari ya mayar da lamba uku, ya karɓi lamba ɗaya da abokinsa. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce wa mai gyara in ƙanensa ya zo, kada ya kuskura ya ce ya gan shi.