Takarkarin Kaka da Motar Alhaji

A gidanmu na Matankari, in sanyi ya shigo, ba a barin wutar tuwo ta mutu. Kakata Hajjo ce take jan karan gero tana tura mata, mu kuma jikoki mu kewaye ta tun magariba ba ta gama rufawa ba, kowa da 'yar gyaɗarsa yana binnewa cikin toka. Muryarta ta dushe saboda taba gari, in ta yi dariya sai tari ya biyo baya. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi tsit. Sannan ta ce, "To, ga ta can tana tahe." Mu ce, "Ta iso, mun shimhiɗa mata tabarma."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani baƙon falke mai takarkari, wato sa na ɗaukar kaya. San nan ƙato ne, bai taɓa gazawa ba. Sai wata shekara ya canza. Da safe ya tashi garau, amma da an hau tudu sai ya tsaya yana haki, ƙafafu na rawa. Mai shi ya doke shi har sanda ta karye. Wasu suka ce tsufa ne. 'Yan bori suka ce doguwa ce ta hau bayansa, aka yanka jar akuya, bai sauya ba. Ranar da mahauta suka zo da igiya, wata makauniya da ke zaune bakin rijiya ta ce a matso mata da shi.

A nan Kaka takan rufe ido ta miƙa hannu cikin hayaƙi. "Ta aza kunne ga wuyanai, ta saurara. Ta ce, 'Ina yaka shan ruwa?' Anka ce tabki. Ta ce, 'Ku kawo taba da kanwa.'" Aka jiƙa, aka ɗura masa a hanci. Sa ya yi atishawa, sai ga matsattsaku ya faɗo, ya sha jini ya yi ƙato kamar babban yatsa. Shi ne ya tare masa numfashi. Mu yara mukan yi ihu muna toshe hanci, ita kuwa ta ce, "Ta ƙare, ku tono gyaɗarku kar ta ƙone."

Yau ina da garaji a Dogon Dutsi, furfura ta fara fito mini. Bara, bayan girbi, wani Alhaji ya kawo tsohuwar kamyonsa, babbar motar kaya mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda ke jigilar wake daga Sukukutane. A fili tana tafiya lafiya. Da ta shiga rairayi da kaya, ko ta fuskanci tudu, sai ta riƙa shaƙewa, a taka ta ta ƙi amsawa. In an kashe ta an huta, ta tashi kamar ba ita ba. An sake mata filta sau biyu, an kai injakta, mai fesa wa inji mai, Doso an wanke, duk a banza.

Direbanta, Malam Tanko, ya shekara goma sha da ita. Yana tsaye gefe, hula a hannu. Alhaji ya ce mini a gabansa, "Ba motar ba ce, Usta. Shi ne. Ko dai ya tsufa, ko yana haɗa man da kananzir. In ba ka ga komi ba, yau ya aje makulli."

Na ce, "Alhaji, ba ni zuwa la'asar."

Na duba iska, lafiya. Na duba bututun mai, ba ya yoyo. Sai na ja Malam Tanko inuwa na tambaye shi inda yake shan mai in ya yi nisa cikin daji. Ya ce wurin masu jarka, da leda suke rufe bakinta kafin su sa murfi. Muka sauke tanki, muka juye. Can ƙasa sai ga guntun baƙar leda, bai kai tafin hannu ba. In inji ya ja mai da ƙarfi, sai ta manne a bakin bututu. In an kashe, ta saki ta koma yawo.

Muka ɗora buhuna muka hau tudun da ke bayan gari, motar ta haye tana ruri. Alhaji ya juya ya ce, "Tanko, ka yahe mini." Malam Tanko kuwa ya naɗe ledar ya sa aljihu, wai zai nuna wa maiɗakinsa, don ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Da ina yaro, na ɗauka labarin na wayon makauniya ne. Yanzu na fi tuna san, da sandar da ta karye a bayansa, alhali yana iyakar ƙoƙarinsa da rabin numfashi. Na ga mutane da yawa a haka, ana kiransu ragwaye, ba wanda ya tambaye su inda ke ciwo. Kaka ba ta taɓa leƙa cikin inji ba har ta koma ga Allah. Amma duk motar da aka turo mini, nakan ajiye sifana tukuna, in kunna ta, in saurara.