Ɗigon da na Rufe da Ƙafa

Malam, mijina, ya daɗe da rasuwa, amma har yau in aka ambace shi sai na yi kuka, kuma ba na jin kunyar kowa. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, saboda haka in na yi shiru a jira ni.

Direba ne. A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, ana ta shimfiɗa kwalta, kowane gida na son rediyo, ya sayar da shanun da ya gada da audugar da ya noma, ya sayo mota. Fara ce mai dogon baya, kujeru layi uku. Muna zaune a 'Yargoje, yana ɗaukar fasinja tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, wani lokaci har Sabuwa in kasuwa ta kira. Bai yarda ta kwana a waje ba. Katanga ya fasa ya yi mata ƙofa, tana kwana cikin gida kusa da rumbun gero, kaji na kewaya ta.

Ni ma ya ba ni aikina a jikinta. Kullum da la'asar, kafin ya dawo, in share makwancinta, in watsa farin yashin da muke ɗebowa a rafi, in lailaye shi da bayan faifai har ya yi sumul. Da safe duk abin da ya zubo daga cikinta zai fito a kan yashin. Shi ya koya mini karanta shi. Baƙin ɗigo ta gaba, baƙin mai ne, in kaɗan ne ba ya hana fita. Ruwa mai launin tsatsa daga lagireto yake, sai a ƙara mata ruwa a kuma lura. Amma akwai na ukun, mai haske, mai santsi a yatsa, yana fitowa kusa da taya, warinsa na hawa hanci. Man birki ke nan.

"Wanga in kin gan shi," in ji Malam, "ko wa ke jiranta, ba ta fita."

Da farko tare muke duƙawa. Daga baya ya bar mini. In ya dawo masallaci da asuba zai buɗe gaban motar ya zaro sandar awon mai, ya leƙa ruwa, ya bi tayoyin yana bugawa da ƙafa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaya ta kwana?" kamar yana tambayar lafiyar jinjira. In na ce lafiya lau, shi ke nan, ba ya sake duƙawa. Ko da cikina na fari ya tsufa ya so ya karɓi aikin, ni na ƙi. Ina son wannan tambayar tasa.

Cikin na wata takwas saƙo ya zo. Wani mai sayar da gishiri ne ya kawo shi daga wajen Damari, inda aka haife ni, can ƙasar Sabuwa. Ya ce Inna, mahaifiyata, tana kwance, ta daina cin abinci, sunana take kira. Saƙon ya kwana uku a hanya kafin ya same ni. Malam ya ce gobe da sassafe za mu tashi, zai ɗauki fasinjan Funtuwa ya sauke, mu wuce mu biyu. In Allah ya so azahar a Damari za ta yi mana.

Damina ce, an yi ruwa ya ɗauke. Da gari ya fara wayewa na dafa jikin motar na duƙa a hankali, cikin na tokare ni. Yashin gaba fes. Na zagaya baya, ta hagu, sai na gan shi. Ɗigo ɗaya ne, bai fi ƙwayar gurjiya ba, daga cikin taya. Na taɓa, na murza, na kai hanci. Na daɗe a durƙushe a wurin. Na san in na faɗa, yau ba tafiya, wataƙila gobe ma babu, don babu bakanike a 'Yargoje, kuma wata motar ba ta biyowa ta garin sai ranar kasuwarsa. Na ji sallamarsa a zaure. Na miƙe, na sa tafin ƙafata na ja yashi na rufe.

"Yaya ta kwana?"

"Lafiya lau," na ce.

Tafiyar nan har yau kamar a mafarki nake ganinta. Ya zaunar da ni a gaba, kusa da taga, saboda cikin. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, hanya ta ratsa tsakiyarsu kamar an tsaga kitso. Hazon ruwa na tashi daga fadamu, balbelu na bin shanu, duwatsun wajen Faskari suna fitowa shuɗi-shuɗi suna ɓacewa. Iska mai sanyi na shigowa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da na fetur. Ina ta ganin Inna a raina tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, zanenta na saƙi ɗaure a ƙirji. Mutanenmu Maguzawa ne, ni a gidan Malam na musulunta, kuma Inna ba ta taɓa riƙe ni da wannan ba. Ranar da aka fara kawo motar Damari ma ita ta zagaya ta sau uku tana tofa mata albarka irin tasu.

A baya akwai wani Alhaji mai goro, da wata tsohuwa 'yar Tafoki mai sayar da daddawa, da wasu da na manta fuskokinsu. Tun daga 'Yargoje Alhaji ya sa tsohuwar gaba.

"Gwaggo, wanga kaya naki, ko fetur ya ƙare warinsa kaɗai ya isa ya tura mu Funtuwa."

"To ka toshe hanci mana, Alhaji. In an kawo maka miya babu shi kai ne farkon mai ture kwano."

"Ni a gidana da nama ake miya."

"Shi ya sa ka rame haka?"

Mota ta ɗauki dariya, har Malam. Ni ƙafarsa ta dama nake kallo. Duk sanda ya ɗaga ta daga totur ya ɗora a birki sai in tuna ɗigon nan. A mararraba ya tsaya ɗaukar wani mutum, na ga ya taka sau ɗaya, ya sake takawa, sannan ta tsaya. Ya ɗan yamutsa fuska ya dubi ƙafar tasa. Ya ci gaba da tuƙi. Ai an ce masa lafiya lau ta kwana.

Gaba da Tafoki kaɗan akwai wani gangare mai tsawo da ke sauka kan wata siririyar gada. Na san shi. Tun daga nesa na hango bakinsa, na hango mata da ƙwarya a ka suna sauka a gefen hanya, da garken shanu yana jiran hayewa. Abin da ke cikina ya motsa. Na yi ta ce wa kaina ɗigo ɗaya ne, ɗigo ɗaya kawai, azahar muna Damari. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Malam, tsaya."

"Mi ya faru? Cikin ne?"

"Tsaya dai."

Ya taka birki, ƙafar ta tafi kusan ƙasa. Ya yi ta takawa yana saki, ya rage giya, ya sake ragewa, injin na kuka, ya ja birkin hannu a hankali. Muka tsaya a gindin wata ɗorawa, gangaren na gabanmu kamar jifa biyu. Na matso kusa da kunnensa don kada na baya su ji.

"Da safe na ga ɗigo. Baya, ta hagu. Na rufe da ƙafa."

Ya dube ni. Ban taɓa mance wannan kallo ba, kuma babu faɗa a cikinsa, da akwai da ya fi mini sauƙi. Ya fita, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar. Da ya fito hannunsa na sheƙi. Ya ce robar da ke kai mai ga birkin baya ta tsage, duk takawa ɗaya sai ta tsirto, abin da ya rage a gwangwanin man birki bai kai cikin cokali biyu ba.

Alhaji ya ce, "To mi ne ne abin tsayawa? A naɗe wurin da robar keke, a kaɗa ruwan sabulu a ɗura. Haka direbobi ke yi, na sha gani da idona."

"Na sani, Alhaji. Ni ba ni yi."

Ni da na tsayar da motar, ni ce kuma na koma roƙo. Na kama bakin rigarsa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. "Malam, don Allah a yi yadda Alhaji ya ce. Ka bi a hankali. Inna ce fa."

Ya ce, "Ruwan sabulu yana riƙewa, sai sanda ya ga dama ya saki. Ban san inda zai saki ba. Ba ni gwada shi da mutane, ba ni gwada shi da ke."

Can wata babbar mota ta zo, shaƙe da buhunan masara, mutane zaune a sama. Fasinjanmu suka hau. Na kama tsanin ƙarfen zan hau ni ma, tsohuwar nan ta riƙo zanena ta baya.

"Ina za ki, ɗiyata? A kan buhu kike son ki haihu? Sauko."

Ta sa aka sauko mata da kwandon daddawarta, ta fasa cin kasuwar Funtuwa. Malam ya kwance robar da ta tsage ya sa a aljihu, ya danne tayoyin da duwatsu, ya hau babbar motar zuwa Funtuwa. Ya ce kafin la'asar zai dawo.

Bai dawo ba. Ashe bai samu irinta a Funtuwa ba, sai da ya wuce Zariya. Muka wuni a gindin ɗorawar, ni da tsohuwa. Ta sayo mini fura wurin matan Fulani, ta yi ta ba ni labarin haihuwarta tara, ina ji kamar daga cikin rijiya take magana. Inuwa ta zagaya daga wannan gefen motar zuwa wancan. Na kalli rana tana sauka bayan dawa, ja wur, tsuntsaye na komawa. A daidai lokacin wani sanyi ya ratsa ni, na ce wa tsohuwa ina jin ɗari, ta yafa mini mayafinta. Daga nan ta ja ni gidan ƙanenta a Tafoki muka kwana.

Da hantsi Malam ya iso, idanunsa jajur, da sabuwar roba da gwangwanin mai. Ya ɗaura. Sai ya ce dole a fitar da iskar da ta shiga, kuma aikin mutum biyu ne. Ya buɗe ƙofar direba ya ce in shiga. Ranar na fara zama a bayan sitiyari, cikina na gogar sa, ƙafata da kyar take kaiwa. Shi yana kwance a ƙasa, muryarsa na zuwa mini ta ƙarƙashin kujera.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe nan, kar ki saki."

Sai in ji abin ya nutse a ƙarƙashin ƙafata.

"Saki. Sake takawa."

Muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina takawa ina hawaye, har birkin ya yi tauri kamar dutse. Ya gwada shi sau uku a kan hanya kafin ya yarda ya tunkari gangaren. Muka sauka lafiya, muka haye gadar.

Da la'asar muka shiga Damari. Tun kafin mu kai na hango tabarmi a ƙofar gidanmu da maza zaune. Yayata ce ta tare ni a tsakar gida. Ta ce jiya da faɗuwar rana Inna ta cika, da safen nan aka rufe ta. Ta ce tun azahar Inna ta sa aka fito da ita bakin ƙofar ɗaki, wai daga nan ta fi jin ƙarar mota.

Na ji Malam a waje yana ba kawunnaina haƙuri. Ya ce musu motarsa ce ta lalace a hanya, laifinsa ne da bai duba ta da kyau ba kafin ya fito. Haka ya faɗa wa kowa, har ya bar duniya bai canza ba.

Daga azahar zuwa faɗuwar rana. Wannan ɗan lokacin na yi shekaru ina juya shi a raina, abin da zan ce mata, abin da za ta ce mini, ko zan samu in ba ta ruwa da hannuna. Ban yi wa Malam maganar ba, shi ma bai tayar ba, har muka tsufa, motar ta daɗe da barin hannunmu. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata rana da rana tsaka ina yi masa fifita, na tambaye shi.

"Malam, ranar nan ta Tafoki. Da na yi shiru, da mun sauka gangaren?"

Na so ya ce a'a. Na so ya ce da mun mutu gaba ɗaya, mu da matan da ke gefen hanya, in samu in ajiye abin. Ya juyo gare ni.

"Ban sani ba," ya ce. "Wataƙila da mun sauka."

Ya miƙo hannu ya karɓi maficin ya ajiye, ya riƙe yatsuna, ya bar ni na yi kukana har na gaji.